Ƙyauren da Ruwa Bai Ci Ba

"Ban ce yaron ɓarawo ne ba, ban ce mashayi ne ba. Cewa na yi ban san ɗan wane ne ba. Ni kuwa ba na ba da 'ya ga wanda ban san tushensa ba."

Malam Uba ke nan. Ya faɗi haka yana zura takalmi zai tafi masallaci, ko waiwayowa bai yi ba.

Badiyya tana durƙushe a bakin ɗakinsa. Ta bi bayansa da kallo har ya shige zaure, sannan ta miƙe ta faɗa ɗakin Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifin nata, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta. Ta kifa kai a cinyarta ta saki kuka.

"Gwaggo, mene ne laifin Sagir? Shi ya gina dam ɗin?"

"Yi a hankali, 'yar nan, kada maƙwabta su ji."

"Su ji mana! Wa bai sani ba?"

Gaskiyarta, duk Bebeji an sani. Sagir ya turo neman aurenta tun bayan girbi, Malam Uba ya yi abin da kowane uba na gari yake yi, ya tashi mutum biyu su je bincike. To a nan aka sami cikas. Bincike garin kakanni ake zuwa, a zauna da tsofaffi a tambaya: gidan nan akwai sata? Akwai hauka? Akwai wata muguwar cuta? Yaya suke riƙon mace? Shi kuwa garin kakannin Sagir, Gangaren Kanya, yana kwance a ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga, madatsar da ta cinye garuruwan yankin, tun kafin a haifi uban Sagir ɗin.

'Yan aiken suka je Tiga, inda gidan su Sagir yake yanzu, suka dawo da magana guda: maƙwabta sun ce mutanen kirki ne, amma ba garinsu ɗaya ba a da, a nan suka ga juna. Tsofaffin da suka san gidan tun asali duk sun kwanta dama. Kakansa ya rasu, ubansa ya rasu. Saura kakarsa Dije, ita kuwa ba a karɓar shaidar kaka a kan jikanta.

Kuma Malam Uba ba da ka yake magana ba. Tsohon direba ne, lokacin tashin garuruwan nan yana yaron mota, da shi aka yi kwasar mutane.

"Da hannuna na loda su," haka yake cewa. "Gari biyar a mota ɗaya, da awakinsu da tukwanensu. Aka juye su wuri guda kamar hatsi a masussuka. Yau wa zai ce min ga ɗan wane, ga ɗan wane?"

Ga kuma Abdulmalik, mai shagon taki da maganin feshi a bakin tasha, ɗan gidan da duk Bebeji aka san kakansa da kakan kakansa. Shi ma yana so. Malam Uba bai ce dole ba, don shi ba mai yi wa 'ya dole ba ne, amma kullum sai ya yabi gaisuwar yaron a gabanta.

Gwaggo ta shafa kanta.

"Share hawayenki. Yaya dai kin san shi, in ya kafe sai Allah. Amma har yau bai daina ce miki Uwata ba, ko? To da sauran magana."

Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa tun tana zanin goyo bai taɓa kama sunanta ba.

*

Ranar Asabar da hantsi aka hallara a gindin dalbejiyar firamare, kamar kowace Asabar.

Sagir a Kano ya koyi ɗaukar hoto. Da ya dawo gida sai wata ƙungiya ta ba shi kwali guda na kyamarorin roba, irin na wasan yara, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Ba batir, ba komai, fim ake saka musu, in ya cika a aika Kano a wanke. Da su yake koya wa samari da 'yan mata ɗaukar hoton gari: tasha, kasuwa, lunguna, masu facin taya, masu rake. Da farko dariya aka yi ta yi masa, ƙato da gemu yana yawo da kayan wasa. Iyaye kuma suka ce 'ya'yansu mata ba za su bi namiji yawon kasuwa ba. Sai da Badiyya, malamar aji biyar, ta ce ita za ta riƙa tafiya da su, sannan aka yarda. Mafarin sanin juna ke nan.

"Waya tana ba ku hoto dubu, shi ya sa ba kwa kallon komai," Sagir yake gaya musu, ya ɗaga wata jar kyamara sama. "Wannan 'yar rowa ce, kaɗan take bayarwa. Sai ka tsaya, ka duba, ka nemi izinin mutum, sannan ka danna. In ka danna kuma sai me?"

"A murɗa!" suka amsa baki ɗaya.

"In ba a murɗa ba fa?"

"Hoto ya hau kan hoto!"

"Bahijja, da ke nake. Wancan karon kin ɗora wa mai nama jaki a ka."

Aka kwashe da dariya. Bahijja ƙanwarsa ce, 'yar shekara goma sha huɗu, mai rawar kai da saurin mantuwa. Ta turo baki.

"Ai Yaya kyau ya yi."

"Je ki gaya wa mai naman. To, aikin wannan makon ƙofofi ne. Kowa ya ɗauko min ƙofa, ta gidanku ko ta maƙwabta, wadda in an gan ta za a san masu gidan."

Suka bazu cikin kasuwa. Badiyya ta tsaya a inuwar wani shago da ke rufe, farin hijabinta har ƙasa, tana lura da 'yan matanta. Sagir ya tsaya nesa da ita kamar tsawon tabarma biyu, yana gyara fim a kyamarar wani yaro. Haka suke magana kullum, kowa idonsa na wani wuri.

"Malama, idonki ya kumbura."

"Barkono na daka."

"Wannan barkonon ya dame ni. Tun bayan girbi kike dakansa."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga ta. Ta juya fuska jikin bango.

"Baba ya sake cewa a'a, Malam."

Sagir ya yi ta murɗa abin da ya riga ya murɗu.

"Ban ga laifinsa ba," ya ce can. "Ni ma in na haifi kamarki, sai na san garin mutum har rijiyarsu. Jiya na ɗauki kwalekwalen maƙwabcinmu na shiga ruwa. Kaka ta ce in na saita dutsen nan da bakin dam, to ina kan gidanmu. Na je na tsaya a wurin. Na leƙa, na leƙa. Fuskata kawai na gani."

"Don Allah ka daina."

"Da ana ɗaukar hoton ƙarƙashin ruwa da 'yar robar nan, wallahi da na nutse na ɗauko masa."

"Ka daina, na ce. Yara suna kallo."

"In kin gaji, Badiyya, ki faɗa min. Abdulmalik ba mutumin banza ba ne. Ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba.

"Ni na ce maka na gaji? Kai ne kake koya wa yara a tsaya a duba kafin a danna. To na tsaya, na duba. Kada ka sake kawo min sunan wani."

Ƙas! Suka ji ƙarar kyamara. Bahijja ce a gabansu, ta saita Badiyya, tana washe baki.

"Malama, kin yi kyau a inuwar nan!"

"Ke! Wa ya ba ki izini?" Sagir ya daka mata tsawa.

Ta zura da gudu cikin 'yan tumatir, kyamara na lilo a wuyanta. Ba wanda ya tuna ya ce mata ta murɗa.

*

Hotuna in an wanko su daga Kano, direban motar haya yake kawowa, ya ajiye a shagon Abdulmalik da ke bakin tasha, Sagir ya zo ya ɗauka. Wannan karon ambulan ɗin ta yage a hanya, hotuna suka zube a kan buhun taki. Abdulmalik yana tattarawa ya ga abin da ya gani.

A yi masa adalci, bai ƙirƙiri komai ba. Abin da idonsa ya nuna masa shi ya ɗauka. Sai dai mai hankali da ya fara tambayar mai hoto kafin ya nufi uban yarinya. Shi kuwa kishi ya riga ya rufe masa ido, ya rufe shago da rana tsaka ya hau babur.

Badiyya ta dawo daga makaranta ta tarar da takalmansa a ƙofar zaure. Tana shiga ya sunkuyar da kai, ya yi wa Malam Uba sallama ya fice.

"Ke."

Ta tsaya cak. Ta duba bayanta ko da wata yake.

"Ke nake kira. Zo nan."

Tunda take a duniya bai taɓa ce mata ke ba. Ta durƙusa, ya jefo mata hoto a gabanta.

Ita ce, ba shakka, da farin hijabinta. Tana tsaye a bakin wani tsohon ƙyauren katako. A gefe ga babur ɗin Sagir a jingine, ga komar kamun kifi an shanya a kan katanga.

"Gidan wa ke nan?"

"Baba, ban sani ba."

"Babur ɗin wa ke nan?"

"Na... na Malam Sagir ne."

"To gidansu ne, a Tiga. Abdulmalik ya san gidan, yana kai taki unguwar. Ni ina nan ina faɗa da mutane a kan mutuncinki, ashe ke har kin san hanyar ɗakinsa."

"Wallahi Baba ban taɓa..."

"Kada ki rantse min! Ga ki a tsaye!"

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Wannan ya fi yi mata ciwo a kan tsawar. Ya miƙe yana dafa bango.

"Daga yau babu ke babu yawon hoto. Yaron nan kuma in ya sake taka ƙofar gidana, ban yafe ba. Na gama."

Ya shige ɗaki ya saki labule.

*

Kwanaki suka wuce gidan kamar an yi rasuwa. In ta gaishe shi sai ya amsa wa bango. In ta kai masa abinci sai ya ce Asabe ta zo ta ɗauke, ta sake kawowa da hannunta. Wayarta tana ɗakinsa a kashe. Badiyya ta rame, idanu suka faɗa.

Hoton yana wurinta. Ta kalle shi har ta gaji. Ta san ba ta je ba, amma ga ta. Har ta fara tunanin ko aljana ce ta ɗauki kamarta.

Ran nan da la'asar Gwaggo tana tsintar shinkafa, ta miƙo hannu.

"Ba ni abin nan in gani, tunda shi ya hana mu barci."

Ta kai shi nesa da ido, ta matso da shi kusa.

"Ikon Allah. Ke kuwa yaushe kika yi hijabi mai fure?"

"Wane fure, Gwaggo?"

"Ga shi nan a ƙirjinki, ja. Ni nake miki ninkin kaya, ban san wannan ba."

Badiyya ta karɓa. Jan fure ne ƙarami, ya koɗe, a daidai kafaɗarta ta hagu zuwa ƙirji. Kewaye da shi ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe a jere. Ta ƙura ido. Kawunan ƙusoshi ne. Ta bi ƙasa da kallo, sai ga tsagar katako ta ratsa ta cikin hijabinta har ƙasa, ƙafafunta kuma babu su, sun narke a jikin dokin ƙofa.

Ta dafe ƙirji.

"Bahijja! Ba ta murɗa ba!"

"Wace ce ba ta murɗa me ba?"

Ba ta tsaya amsawa ba. Ta fita tsakar gida ba ko takalmi. Malam Uba yana zaune a kan buzu yana jan carbi. Ta zube a gabansa.

"Baba, ka ce kada in rantse, ba zan rantse ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka sa tabarau ka dubi hoton nan a rana. Ran nan fuskata kawai ka kalla."

Ya ci gaba da jan carbinsa.

"In ka duba ka ce na je, na yarda na je. Ka aurar da ni ga wanda ka ga dama, ba zan buɗe baki ba. Amma kada ka bar ni da sunan da ban ci ba. Ba ni da uwa, Baba. In ka ce min ke, wa zai ce min Uwata?"

Kuka ya ci ƙarfinta. Gwaggo ta fito ta tsaya a kansu, da faranti a hannu.

"Yaya, ka ji tsoron Allah ka duba. Duba dai ba ya ƙare ido."

Ya ja dogon numfashi. Ya laluba aljihu ya fito da tabaraunsa mai ɗaurin zare, ya karɓi hoton, ya matsa inda rana take.

Badiyya tana sheshsheƙa tana bayani. Kyamarar ta roba ce, in an ɗauki hoto ba a murɗa ba, na biyu a kan na farko yake hawa. Yarinyar ta ɗauke ta a kasuwa, ta koma gida ta ɗauki ƙofarsu.

"Dubi ƙusoshi a jikina, Baba. Mutum yana tsayawa a gaban ƙofa a ga ƙusa ta cikinsa? Dubi ƙafata, ina take? Furen nan ma ba na hijabina ba ne, a jikin ƙyauren yake."

Sai ta lura ba ya jin ta. Ya kai hoton dab da hancinsa. Babban yatsansa yana kan furen, yana shafawa a hankali kamar mai share ƙura. Carbin ya zame daga hannunsa ya faɗi a kan buzu bai sani ba.

"Faranti ne," ya ce, can ƙasa-ƙasa. "Tsohon faranti aka daddaga aka toshe ɓaraka da shi."

"Yaya, lafiya?"

"Asabe, na san ƙyauren nan. Na ɗauke shi a kafaɗata."

Suka dubi juna. Ya zauna sosai, ya cire tabarau ya riƙe.

"Ranar da muka je kwasar wani gari, ban ma riƙe sunansa ba, garuruwan da yawa. Mota ba ta iya shiga, muka tsaya a bakin rafi, mutane suna fito da kaya. Mun cika, maigidana ya tayar da mota, sai wani mutum dogo ya ce a tsaya, ina Baba Ɗanasabe? Ashe wani tsoho ne kuturu, bukkarsa tana can bayan gari, ba ɗa ba jika. Kowa ya ɗauki nasa an manta da shi. Aka yi tsit. Wani ya ce gobe a dawo. Kowa kuwa ya san ba mai dawowa."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Mutumin nan bai yi musu da kowa ba. Ya hau mota ya kwance ƙyauren gidansa da ya ɗaure a sama, ya sauke buhun dawarsa biyu ya ajiye a ƙasa don a sami wuri. Ya ce yana neman kafaɗa uku. Ƙaninsa ya fito, wani makiyayi ya fito. Ya waiwayo ya dube ni ya ce, samari, zo ka ci lada. Muka je. Shi ya rungumi tsohon da hannunsa ya kwantar a kan ƙyauren, ya cire rigarsa ya yi masa matashi. Ni kusurwar da ke da farantin nan ta faɗo min. Tun daga bayan gari har rafi furen nan yana gefen idona, ƙusoshin suna cin kafaɗata. Dawar kuwa a nan muka bar ta."

"Sunansa fa?" Gwaggo ta tambaya.

"Ban tambaya ba. Yaro ne ni. Amma duk inda aka yi zancen mutumin kirki, shi nake gani."

Badiyya ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

"Kada ki yi saurin murna. Ƙyaure ana sayarwa, ana ba da aro, ana gado a gidan da ba a haife ka ba. Gobe zan je da ƙafata."

Ya saka hoton a aljihun gaba, ya tashi ya yi alwala.

*

Da sassafe ya fita, ya hana kowa raka shi.

Ranar nan Badiyya ta share tsakar gida sau ba adadi. Ta wanke tukwanen da ke wanke. Ta ɗora miya ta manta gishiri, ta dawo ta zuba sau biyu. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta miƙe.

"Zauna, 'yar nan, kin sa ni jiri."

"Gwaggo, in saye suka yi fa?"

"To sai mu ce Allah ya sa haka ne mafi alheri."

"Ni ba zan iya cewa ba."

"Za ki iya. Amma bari mu gani tukuna."

Azahar ta wuce. La'asar ta wuce. Sai da rana ta yi ja a kan katanga sannan suka ji sallamarsa. Ya shigo a hankali, ƙafafunsa duk jar ƙasa, da ƙullin busasshen kifi a hannu ɗaya. A wuyansa kuwa, a kan babbar rigarsa, ga wata 'yar jar kyamarar roba tana lilo.

Gwaggo ta toshe baki da gefen zani.

Ya zauna a kan buzu. Badiyya ta kawo ruwa da sauri, rabi ya zube a hanya. Ya karɓa daga hannunta. Ya sha, ya yi hamdala.

"Tsohuwar tana nan da hankalinta," ya ce. "Ban gaya mata komai ba. Cewa na yi ina son sayen ƙyauren. Ta ce in kawo kuɗin duniya ba za ta sayar ba, mijinta ya ɗauko shi daga Gangaren Kanya, har mutum an ɗauka a kansa. Na ce wane mutum? Ta ce Baba Ɗanasabe. A zaurensu ya ƙare kwanansa, ita take dama masa kunu. Ta ce akwai wani yaron mota siriri mai manyan kunnuwa da ya kama musu, yana tafe yana haki kamar ɗan akuya."

Gwaggo ta dubi kunnuwan yayanta, ta kasa riƙe dariya. Shi ma gefen bakinsa ya motsa, ya yi maza ya gyara fuska.

"Na aiki mutane bincike sun dawo hannu wofi. Ashe binciken na yi shi da kaina tun ban yi gemu ba."

Badiyya ta sunkuya, hawaye yana ɗiga a kan tabarma.

"Na ga yaron. Ya rame ya zama kamar sanda, shi ma wai barkono yake daka. Na ga mai laifin kuma, ta ɓuya a bayan randa. Na ce tararta ita ce ta ba ni aron abin nan." Ya taɓa kyamarar. "Abdulmalik kuwa na biya ta shagonsa. Na nuna masa ƙusoshin. Ya ce in ba ki haƙuri, na ce ya zo ya bayar da bakinsa."

Ya zaro hoton daga aljihu, ya dube shi, ya girgiza kai.

"Amma wannan hoton ƙarya ne. Ya ce kin tsaya a inda ba ki tsaya ba. Ni kuwa ba na ajiye ƙarya a gidana."

Badiyya ta ɗago.

"Sai dai a gyara shi. Na ce wa tsohuwar ta turo manyansu ranar Juma'a. Ranar da aka kai ki, za ki tsaya a bakin ƙyauren nan da ƙafafunki biyu a ƙasa, ni zan ɗauka da hannuna."

"Baba..."

Ta kasa ƙarasawa. Ta kifa goshi a kan gwiwarsa tana kuka, irin wanda ba a hana mutum. Ya ɗora tafinsa a kanta ya bar shi a nan. Gwaggo ta juya baya tana fyace hanci, tana faɗa wa hayaƙin murhu baƙar magana, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.

Can ya ciro kyamarar daga wuyansa, ya jujjuya ta, ya leƙa ta baya, ya leƙa ta gaba.

"To ya isa haka. Tashi, Uwata. Nuna min inda ake murɗawar nan, kada ni ma in ɗora miki jaki a ka."